Bakteriya, kwamfuta da allurar insulin: wa ke haɗa maganin, kuma me zai rage tsadarsa?

Tun da darajar naira ta zube a tsakiyar 2023, kamfanin GSK ya sanar da janyewa daga sayar da magungunansa kai-tsaye a Najeriya, kamfanin Sanofi mai haɗa insulin ma ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar, masu ciwon sukari da ke rayuwa da allurar insulin suka shiga wani hali. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Yawuri da Zuru, duk gidan da ke da irin wannan majinyaci ya san yadda kwalba guda ke lashe albashi. A cikin wannan ƙunci ne maganganu biyu suka yi ta yawo a majalisu da WhatsApp. Wasu na cewa daga jikin alade ake tatso allurar, ko kuma daga wasu ƙwayoyin cuta da Turawa suka jirkita. Wasu kuma na cewa tunda an samu ƙirƙirarriyar basira, kwamfuta za ta riƙa tsara magani cikin mintuna, tsada ta kusa zama tarihi.

To, me ke haɗa insulin a yau? Mene ne ainihin aikin kwamfuta a ciki? Kuma wannan aikin zai iya kaiwa ga aljihun mai saye a kemis?

Daga mahauta zuwa tankin bakteriya

Ruwa ba ya tsami banza, maganar alade tana da asali. Insulin furotin ne da wata tsoka mai suna fankiriyas, wadda ke bayan tumbi, take fitarwa domin sukarin da ke cikin jini ya samu shiga ƙwayoyin jiki. Frederick Banting da Charles Best ne suka tatso shi a birnin Toronto na Kanada a 1921, aka fara yi wa majinyaci allurarsa a Janairun 1922. Daga nan har kusan shekara sittin, fankiriyas ɗin shanu da aladu da ake tarawa a mahauta su ne tushen insulin ɗin duniya.

Kowane furotin sarƙa ce ta wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne. Insulin na da guda 51. Na alade ya bambanta da na mutum a guda ɗaya tak, na saniya a guda uku, shi ya sa suke aiki a jikinmu.

Al'amarin ya sauya a 1978, lokacin da masu bincike na kamfanin Genentech da cibiyar City of Hope a Amurka suka haɗa ƙwayar gadon insulin na ɗan Adam, wato umarnin ƙera shi, a ɗakin gwaji, suka cusa ta cikin bakteriyar E. coli, wata ƙaramar halitta da ido ba ya gani, ita kuma ta shiga ƙera furotin ɗin. A 1982 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Humulin na kamfanin Eli Lilly, maganin farko da aka samar ta wannan hanya. Yau Eli Lilly da Sanofi da E. coli suke aiki, Novo Nordisk kuma da yis, dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi. Insulin ɗin da ke kasuwa yanzu kusan duka daga irin waɗannan tankuna yake fitowa.

An zaɓi E. coli ne saboda ba ta da tsadar ciyarwa, sukari da 'yan gishiri-gishiri sun ishe ta, kuma idan ta samu yadda take so tana rabewa biyu duk minti 20. Ƙwaya ɗaya za ta iya haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Sai dai cusa mata ƙwayar gado abu ne daban, sa ta yi aikin da yawa kuma da kyau wani abu ne daban. A nan ne gizo ke saƙa.

Yadda ƙwaya ke karanta umarni

Umarnin ƙera kowane furotin a rubuce yake cikin DNA da haruffa huɗu. Idan ƙwaya na bukatar furotin, sai ta kwafi wannan sashe zuwa wani zare mai suna mRNA, sunan da mutane da dama suka fara ji lokacin rigakafin korona. Haruffansa su ne A, U, G da C. Daga nan wata 'yar na'ura ta cikin ƙwaya, ribozom, za ta hau zaren tana karanta haruffan uku-uku. Kowane uku ana ce masa kodon, kuma kowane kodon yana nuna amino asid ɗin da za a ɗaura a sarƙar. Akwai wasu 'yan dako da ake kira tRNA, kowane da kodon ɗin da ya sani, su ke kawo amino asid ɗin bakin ribozom. Wannan mataki na mayar da haruffa zuwa sarƙar furotin shi masana ke kira fassara. A cikin E. coli mai ƙoshin lafiya ribozom na ɗaura amino asid 15 zuwa 20 a daƙiƙa guda.

Haruffa huɗu idan aka jera su uku-uku suna ba da kodon 64. Uku daga ciki alamar tsayawa ce, sauran 61 su ke rabon amino asid 20. Ke nan yawancin amino asid suna da kodon fiye da ɗaya. Wanda ake kira lusin yana da shida, arjinin ma shida, metiyonin kuwa ɗaya ne kawai. Saboda haka ana iya rubuta ƙwayar gadon furotin guda ta hanyoyi masu yawan gaske, kuma duka su fitar da sarƙa iri ɗaya. Idan aka ɗauka kowane amino asid na da kodon uku a matsakaici, ƙaramin furotin mai amino asid 100 yana da hanyoyin rubutu da adadinsu lamba ce mai alƙaluma 48.

Abin da ya daɗe yana ba masana mamaki shi ne, waɗannan rubuce-rubucen ba ɗaya suke ba a wurin bakteriya. Wani za ta cika tanki da furotin, har ya kai kashi ɗaya cikin uku na duk furotin ɗin jikinta ko fiye. Wani kuma da ƙyar za a ga alamarsa. Babu ɗakin gwajin da zai iya gwada ko da ɗigon wannan adadi, domin kowane gwaji sai an sayi DNA, an raini ƙwaya, an auna. Aikin kwamfuta shi ne ta yi hasashen wane rubutu ne ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Abin da ake sa kwamfuta ta lissafa

Dabara ta farko mai sauƙi ce. A 1981 wani masani ɗan Japan, Toshimichi Ikemura, ya nuna cewa kodon ɗin da E. coli ta fi amfani da su, su ne masu 'yan dako da yawa. Kodon irin su AGA da AGG na arjinin, waɗanda suka zama ruwan dare a ƙwayoyin gadon ɗan Adam, 'yan dakonsu kaɗan ne a E. coli. Ribozom idan ta iso kansu sai ta tsaya jira, wani lokaci ta ɗaura abin da ba shi ba, ko ta saki zaren. A 1987 Paul Sharp da Wen-Hsiung Li suka fito da ma'aunin da ke ba kowace ƙwayar gado maki gwargwadon yadda kodon ɗinta suka dace da ɗabi'ar mai masaukinta. Shekaru da dama haka ake yi: a cire kodon da bakteriya ba ta saba da su ba, a sa waɗanda ta fi so. Yana aiki sau da yawa. Sau da yawa kuma ba ya yi, ba tare da an san dalili ba.

Dalilin ya fara bayyana sosai a 2009. Grzegorz Kudla da Joshua Plotkin da abokan aikinsu sun rubuta ƙwayar gadon wani furotin mai koren haske ta hanyoyi 154, duka masu ba da sarƙa ɗaya, suka sa a E. coli. Tsakanin wanda ya fi yawa da wanda ya fi ƙaranci an samu ninki 250. Amma makin kodon bai bayyana wannan bambanci ba. Abin da ya bayyana fiye da rabinsa shi ne yadda zaren mRNA ke lanƙwashewa ya manne da kansa a daidai farkonsa.

Domin gane wannan, a ɗauki zaren a matsayin siririn titi mai hannu ɗaya wanda mota ba ta iya wuce 'yar'uwarta, ribozom kuma su ne motocin, da yawa a jere kan zare ɗaya. Abu biyu ke yanke yawan motocin da za su kai ƙarshe cikin awa guda: saurin shigowarsu ta mashiga, da kuma wuraren da titin ya lalace a tsakiya. Idan mashiga a toshe take, gyaran tsakiyar titi aikin banza ne, domin babu motar da za ta bi. Idan kuma aka wangale mashiga alhali akwai rami a gaba, sai cunkoso ya taru, motoci su tsaya cirko-cirko. A ƙwaya wannan asara ce biyu, saboda ribozom ɗin da suka maƙale su ne bakteriyar ke bukata don ƙera furotin ɗin da za ta rayu da su. Wannan ba misalin baka kawai ba ne: tun 1968 MacDonald da Gibbs da Pipkin suka rubuta lissafin tafiyar ribozom a kan wannan tsari, kuma daga baya masana kimiyyar lissafi suka yi amfani da irinsa wajen nazarin cunkoson motoci na gaske.

Mashigar ribozom a bakteriya wasu 'yan haruffa ne da ke zuwa kafin kodon na farko, waɗanda John Shine da Lynn Dalgarno suka gano a Ostareliya a 1974. Idan zaren ya naɗe ya rufe su, ribozom ba ta samun wurin sauka. Tunda haruffan suna da ƙa'idar mannewa, A da U, G da C, kuma an auna ƙarfin kowace mannewa, kwamfuta na iya lissafa yadda zare zai naɗe da ƙarfin da ake bukata kafin ya warware. A kan haka ne Howard Salis da abokan aikinsa suka gina wata manhaja, ita ma a 2009, wadda ake ba ta haruffan farkon zare ta faɗi ƙarfin mashigar, ko a faɗa mata ƙarfin da ake so ta rubuto haruffan. Sun nuna tana iya daidaita yawan furotin a tazarar da ta kai ninki 100,000, hasashenta kuma yakan kauce wa abin da aka auna da ninki biyu da 'yan kai. A fagen da a da ake lalube cikin duhu, wannan babban ci gaba ne.

A 2009 ɗin dai aka samu dabarar daskarar da ƙwaya a ga inda kowace ribozom take zaune a kan zare, wadda Nicholas Ingolia da Jonathan Weissman suka fito da ita. Sai kuma gwaje-gwaje suka ƙara girma. A 2018 wani rukuni a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya wallafa sakamakon gwada rubutu 244,000 a E. coli, ya sake tabbatar da cewa naɗewar zare kusa da mashiga ita ce kan gaba. Irin waɗannan tarin alƙaluma su ake ciyar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da su yanzu. Wato basirar ba daga iska take samo iliminta ba, daga gumin masu auna ƙwaya a ɗakin gwaji ne.

Inda lissafin ke tuntuɓe

Yawa ba shi ne inganci ba. Sarƙar furotin ba ta aiki sai ta naɗe zuwa wata siffa ta musamman, kuma tana fara naɗewa tun tana fitowa daga ribozom. An gano cewa a wasu furotin, jinkirin da kodon marasa 'yan dako ke jawowa yana ba wani sashe damar kammala naɗewa kafin na bayansa ya fito. Idan mai tsarawa ya share duk wuraren jinkiri don neman sauri, sai a samu furotin tuli amma a cure, ba ya aikin komai. Hasashen inda ya kamata a bar jinkiri har yanzu bai kai hasashen mashiga ƙarfi ba.

Insulin kansa a cure yake fitowa daga E. coli. Sai an fasa ƙwayoyin, an narkar da curin, an sake naɗe furotin ɗin, an yanke sassan da ba a so, sannan a tace shi sau da yawa har ya kai tsarkin da za a iya sa shi a jikin mutum. Wannan sashe na tacewa yana cin kaso mai tsoka na kuɗin masana'anta, kuma lissafin fassara bai taɓa shi kai-tsaye.

Akwai kuma furotin ɗin da E. coli ba ta iya yi ko an rubuta mata su da kyau, musamman waɗanda sai an liƙa musu wasu sukari bayan an ƙera su, kamar yawancin magungunan garkuwar jiki da ake ba masu ciwon daji. Waɗannan a ƙwayoyin dabbobi ake rainonsu. Rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai kuma da yis ake haɗa shi.

Masu fargaba da masu zumuɗi

Masu fargaba suna haɗa wannan da muhawarar irin shuka da aka sauya wa halitta, wadda ta yi zafi bayan fitowar waken SAMPEA 20-T daga cibiyar binciken noma ta Samaru a 2019 da masarar TELA a 2024. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan, amma lamarin ba ɗaya ba ne. Iri ana shuka shi a fili, a ci shi. Bakteriyar insulin kuwa a rufaffen tanki take, ana kashe ta, kuma ba ta shiga kwalba, furotin ɗin kaɗai ake ɗauka. Nau'in E. coli da ake aiki da shi, irin su K-12 da BL21, ba su ne masu haddasa gudawa ba.

Game da halasci, hukunci na malamai ne, amma ya kamata a kai musu bayani daidai. Ƙwayar gadon haɗa ta ake yi da sinadarai bisa tsarin insulin na ɗan Adam, ba daga alade ake ciro ta ba. Tambayar da ke da ma'ana ita ce ta sinadaran da ake yanke furotin da su lokacin tacewa, domin a da daga dabbobi ake samo su, yanzu kuma ana iya haɗa su ta hanyar bakteriya ko yis. Wannan abu ne da kamfani zai iya amsawa, NAFDAC kuma tana da hurumin tambaya. Abin da ke tayar min da hankali shi ne a ce wani ya ajiye allurarsa saboda saƙon murya da aka turo masa. Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya idan ya daina insulin, cikin 'yan kwanaki jininsa na iya gurɓata ya suma, kuma yara ne da matasa suka fi yawa a wannan rukuni. Duk mai shakka ya je wurin likitansa da malaminsa alhali yana ci gaba da allurar.

Masu zumuɗi kuma sun ɗora wa kwamfuta kayan da ba nata ba. Kwamfuta ba ta haɗa ko ɗigon magani. Tana rage gwaji dubu ya koma goma, wata shida ya koma 'yan makonni, ta taimaka tanki guda ya ba da abin da a da sai biyu. Wannan riba ce ta gaske, amma ribar masana'anta ce kafin ta zama ta majinyaci.

Farashi, da abin da ya shafe mu a Kebbi

A ganina, ƙarancin abin da bakteriya ke fitarwa ba shi ne babban dalilin tsadar insulin a wurinmu ba. Wani nazari da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa, har da riba, insulin na ɗan Adam da zai ishi majinyaci shekara guda bai kamata ya wuce dala 72 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, su ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar. A kan wannan sai a ɗora canjin dala, kuɗin dako daga Legas, ribar dillalai, da sanyin da maganin ke bukata, maki 2 zuwa 8 a ma'aunin zafi, a jihar da zafin bazara ke haura maki 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas.

Inda lissafin fassara ke da tasiri shi ne wajen buɗe ƙofa ga sababbin masu ƙerawa. Kamfanin da ke son shiga kasuwa sai ya mallaki tasa bakteriyar mai ba da furotin da yawa, domin manyan ba za su ba shi tasu ba. Ko yarjejeniyoyin da aka yi murna da su a Afirka sun nuna haka. Wadda Eli Lilly ya ƙulla da EVA Pharma na Masar a 2022, da wadda Novo Nordisk ya ƙulla da Aspen na Afirka ta Kudu a 2023, dukansu kan harhaɗawa da ɗurawa a kwalba ne, shi kuwa ainihin sinadarin daga manyan kamfanonin yake zuwa. Umarnin da shugaban Najeriya ya sa wa hannu a 2024 na cire haraji kan wasu kayan haɗa magunguna zai taimaki masu ɗurawa, amma bai isa ya samar da masu raino ba.

Cikin duk matakan nan, na kwamfuta shi ne mafi arha, kuma shi ne wanda ba ya bukatar a jira gwamnati. An wallafa cikakken rubutun DNA na E. coli tun 1997, haruffa kusan miliyan 4.6, kuma kowa na iya sauke shi kyauta daga rumbun GenBank. Manhajar lissafa naɗewar zare irin ViennaRNA ita ma kyauta ce, tana tafiya a kan kwamfutar tafi-da-gidanka. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero suna yaye ɗaliban nazarin ƙananan halittu da na ilimin kwamfuta duk shekara. Ina ganin babu dalilin da zai hana a haɗa ɗalibi daga wannan sashe da ɗalibi daga wancan su yi aikin kammala karatu guda.

Sai dai tsarin da ba a gwada a ƙwaya mai rai ba, zato ne kawai. Gwajin na bukatar a yi odar DNA daga waje da dala, a samu firiza mai tsananin sanyi da ba ta mutuwa, da injin raino, da izinin hukumar kula da tsaron fasahar halittu ta ƙasa wadda aka kafa a 2015. Kuma ba da insulin ya kamata a fara ba, tunda abin da ake sokawa a jiki yana da tsauraran sharuɗɗa da shekaru na gwaji. Akwai furotin ɗin da ba a sa su a jiki, waɗanda E. coli ke yi cikin sauƙi, kuma muna sayen su da tsada. Misali shi ne sinadarin Taq, wanda injin PCR ke amfani da shi wajen gano cututtuka irin su zazzaɓin Lassa da sanƙarau da cututtukan dabbobi. Ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama su ke haɗa nasu, kuma tulun raino mai cin lita ɗaya na iya ba da abin da zai ishi gwaji dubbai.